Takardar Izinin da Aka Ɗinke a Fata

Injin niƙan da maigidana ya rasu ya bari shi ne gonata, shi ne rumbuna. Yana cikin wata 'yar rumfar kwano a bakin hanyar Kamarawa, kuma da shi nake ciyar da 'ya'ya huɗu da tsohuwar da ta haifi ubansu, wadda duk gidan muke kira Inna. Ina fita takaba masu shawara suka yi mini caa, wai in sayar, wai mace ba ta iya tayar da inji. Na ci ɗamara na kama hannun injin na juya har ya tashi. Tsagar Gobir da ke fuskata ba don ado kaɗai aka yi ta ba.

Abin da ya kusa kayar da ni takarda ce. Marigayi yana da takardar izinin sana'a, amma gara ta bi ta cikin akwati ta cinye, ta bar mana kusurwa ɗaya. Aka ce sai in nemi sabuwa da sunana. Sau huɗu ina hawa bayan babur zuwa ofis. Yau a ce in kawo hoto, gobe a ce shaidar mai unguwa, jibi a ce sai duba-gari ya je ya ga wurin. Da ya zo ya sa na daɓe ƙasa da siminti, na kuma haƙa ramin zubar da ruwa. Duk na yi, ina yi ina ƙunƙuni. Ranar da aka buga hatimi aka miƙo mini takardar, sai da na yi ƙwalla don daɗi.

Ina isa gida Inna ta karɓa ta juya ta gaba da baya. Ta ce, "Wagga kam gara ba ta cin ta, in dai ina da rai."

Ban san abin da take nufi ba sai washegari, da ta dawo daga wajen baduku. A wajenmu duk rubutun da ake tsoron ya lalace, baduku ake kai wa. Ya ninke takardar ya ɗinke ta tsaf cikin jar fata, har da maɗauri, ta zama laya sak.

Na ce, "Inna, takardar gwamnati ta hwa!"

Ta ce, "To gwamnatin ta hi ƙarhin gara?"

Sai muka kafa ƙusa a saman injin muka rataye ta, garin gero ya bi ya rufe ta fari fat. Da damina ta zagayo Inna ta rasu. Daga nan kullum kafin in tayar da inji sai na kai hannu na kaɗe wa layar gari.

Bayan kaka, ranar wata Talata da hantsi, mata sun yi layi da ƙoren gero da dawa, sai ga mutum biyu daga ofis. Babban yana riƙe da littafi, ɗayan yana kaɗa kwaɗon kulle ƙofa a yatsa. Na kashe inji.

Babban ya ce, "Malama, ina takardarki?"

Na nuna masa ƙusa. Mai kwaɗo ya ja da baya taku ɗaya, sannan ya dake ya ce su ba a ba su tsoro da laya.

Na ce, "Ranka shi daɗe, takardarku ta. Hatiminku na ciki."

Babban ya ce doka ta ce a liƙa ta inda ido zai gani, fata kuwa ba ya iya karanta ta. Mai kwaɗo ya buɗe kwaɗonsa ya nufi ƙofa.

Wallahi ban so farke ɗinkin nan ba, domin shi ne abu na ƙarshe da Inna ta yi mini. Amma kwaɗo a ƙofar nan yunwa ce a gidana. Na karɓi reza a hannun wata mata na bi zaren ina yankewa. Takarda ta fito fes kamar ranar da aka ba ni, na kai wa babban ita har hanci.

Ya karanta a natse, sai ya ɗora yatsa a ƙasanta ya ce wa'adinta ya ƙare tun wata biyar. Ashe shekara ɗaya ce rayuwarta. Mu ba mu yi boko ba, kuma ko mun yi, wa yake karatu ta cikin fata? Mun ɗauka yadda laya take haka take, in an ɗinke an gama.

Kunya ta kama ni har tafin ƙafa, sai kuma zuciya ta taso ta kore ta. Na tsaya a bakin ƙofa na kama ginshiƙi hagu da dama.

Na ce, "Sabuntawa za ni yi, ba ni gardama da wannan. Amma in kwaɗo za ku sawa yau, ku sa da ni ciki."

Matan nan suka sauke ƙorensu suka zazzauna a gabana. Wata tsohuwa daga Tozai ta ce, "Ɗana, in kun ruhe, ga turmi can. Ku zo ku daka muna."

Babban ya dubi tsohuwar, ya dubi fatar da ke hannuna, ya ce ya ba ni kwana bakwai. A kwana na uku na dawo da sabuwa.

Tun daga nan kowace shekara ina zuwa da ƙafata in sabunta, ba na jiran kowa ya tuna mini. Sai in sa a yi mata hoto, in liƙa hoton a bango cikin leda don masu ido. Ta ainihin kuwa baduku nake kai wa, ya mayar da ita cikin fatar Inna. Yana mita wai fatar ta zama duk huda, in bar shi ya yanka sabuwa. Na ce masa waccan nake so.

Bana wani sabon ma'aikaci ya zo, ya dubi ta bango ya ce shi ta ainihi zai gani. Na sauko da ita, na haɗa masa da reza da basilla da zare, na ce a rumfar nan wanda ya farke shi ke ɗinkewa. Ya jima yana kallon basillar, sannan ya duƙa ya sa hannu a littafinsa. Na mayar da Inna kan ƙusarta na tayar da injina.