Mai Kati da Kwalayenta Goma Sha Huɗu

Haihuwa da Asali

An haifi marigayiya, wadda jama'a suka fi sani da Mai Kati, a shekarar 1957, a wani ƙaramin gari mai tashar jirgin ƙasa da asibiti guda ɗaya. Mahaifinta mai gadin tashar ne, mahaifiyarta kuma tana ɗinki da keke a ƙofar ɗakinta. Ita ce ta uku cikin su shida. Mahaifiyar ta shekara goma sha ɗaya tana fama da fuka da kumburin ƙafa da ciwon ido, kuma duk ranar da aka kai ta asibiti sai a tambaye ta wanne ya kawo ta, ta zaɓi guda. Ta rasu a 1970.

Karatu

An sa Mai Kati firamare a 1964, ta gama a 1971. Ba ta wuce nan ba, domin ƙannenta suna buƙatar mai dafa musu abinci. Abin da ta fito da shi daga makaranta shi ne kyan rubutu da rashin mantuwa.

Aiki

A 1976 aka ɗauke ta aiki a sashen mata da yara na asibitin, a ɗakin kati, wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da kantar katako. Aikinta shi ne ta buɗe wa mai zuwa kati, sannan ta shigar da abin da likita ya rubuta cikin rajista. Rajistar tana da gurbi ɗaya tak na cuta. Mace za ta zo da hawan jini da ciwon suga da cikin wata bakwai, a rubuta hawan jini. Yaro mai sikila da farfaɗiya kuwa, a rubuta wadda ta kayar da shi a ranar.

A 1979 ta kai maganar wurin shugabar nas-nas, aka ce mata ba ita ta buga rajistar ba. Daga ranar ta fara juya kati tana rubuta sauran cututtukan a bayansa da jan biro, tare da kwanan wata da maganin da kowane sashe ya bayar. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya hana ta. Nas-nas suna yi mata ba'a cewa ta buɗe nata asibitin a bayan kati, alhali sau da yawa bayan katin ne ya hana su ba mai ciwon ƙoda maganin da zai ƙarasa ta. Matan kuwa sun gane. Akwai wata tsohuwa da takan miƙo katinta ta taga ta ce, "Juya ni, 'yata, gaban na likita ne." Idan kati ya cika, ko mai shi ta rasu, sai Mai Kati ta sa shi a kwali ta kai sito.

Aure da 'Ya'ya

A 1981 ta auri wani mai gyaran famfo da aka kira ya toshe bututun da ke yoyo a kan kantarta. Sun zauna a ɗaki biyu na haya a bayan kasuwa. Ta haifi shida, biyu suka rasu suna ƙanana. Mijin ba mai yawan magana ba ne. Yakan ce mace guda ya nema, aka haɗa masa da kwalaye, amma shi ne ya kafa musu katako a sito don kada ruwa ya taɓa su.

Zuwan Masu Bincike

A 2009 wata gidauniya ta ba da sanarwar za ta tallafa wa binciken da zai auna yawan mata da yara masu fama da cuta fiye da ɗaya, irin waɗanda ake rayuwa da su har ƙarshe. Wani likita da ake ce wa Dogo ya ji labarin kwalayen, waɗanda a lokacin sun kai goma sha huɗu, aikin shekara talatin. Ya yi mako uku a sito yana karantawa, yana kiranta Inna, yana cewa bai taɓa ganin irin wannan ba. Ya ɗauki hoton kati ashirin ya haɗa da takardar neman tallafi. Ya so ya sa ta cikin masu binciken, amma fom ɗin ya nemi digiri, sai aka kai sunanta shafin godiya. Wannan bai dame ta ba. Abin da take so shi ne a ƙirga matan nan yadda suke, a ƙara wa rajista gurbi.

Ta yi ritaya a ƙarshen 2010. A watan Maris na 2011 aka amince da tallafin, bisa sharaɗin asibiti ya tanadi ɗaki mai kulle da fenti da kwamfuta uku kafin wakilan gidauniyar su zo dubawa. Likita Dogo yana babban birni wurin horon da gidauniyar ta wajabta. Mai kula da gine-ginen asibiti ya zagaya, ya ga ba ɗakin da ya fi sito dacewa. Ya buɗe kwali ɗaya, ya ga tsofaffin katuna ne da aka riga aka shigar rajista, wasu ma na matattu. Ranar Laraba, 6 ga Afrilu, leburori suka kwashe kwalayen zuwa ramin ƙona shara da ke bayan ɗakin wanki.

Wata mai shara ce ta je gida ta gaya wa Mai Kati. Da ta iso ta tarar ana fenti. Mai kula da gine-gine ya ce ta kwantar da hankalinta, duk abin da ke ciki yana cikin rajista.

Ta ce, "Ɗana, ka juya ko guda ɗaya?"

Ya ce, "Inna, a juya kati a ga me?"

Ta koma gida.

Binciken bai tsaya ba, domin tallafi ya fito kuma yana da wa'adi. Da rajista aka yi shi. An shekara biyu ana shigar da ita kwamfuta, kuma ba a gane mai cuta biyu sai wadda aka yi dace ta zo sau biyu aka rubuta mata abu daban. A 2013 rahoto mai shafi casa'in ya fito, ya ce irin waɗannan mata da yara ba su kai uku cikin ɗari ba. A shafi na tamanin da ɗaya Likita Dogo ya ambaci cewa wasu bayanai sun salwanta. Gidauniyar ta gamsu da shafin farko, ta karkatar da tallafinta na gaba zuwa wani fanni. Likita Dogo da kansa ya kawo wa Mai Kati rahoton har gida, ya durƙusa, ya kasa ɗaga kai. Ta karɓa, ta ce a ba shi ruwa. Ba a ƙara wa rajista komai ba.

Shekarun Ƙarshe

Daga wannan shekarar ta sa aka sayo mata littattafan rubutu, ta fara dawo da matan da ka. Kullum da hantsi tana bakin ƙofa tana rubuta suna da unguwa da cututtuka da shekara. Inda ta yi shakka sai ta bar fili, ta aiki babbar 'yarta ta tambayo dangin mai sunan. Ita kanta a lokacin tana fama da ciwon suga da hawan jini da ƙoda, kuma idonta na dama ya tafi a 2016. Da mijinta ya ce ta huta, sai ta ce shi ya fara hutawa da gyaran famfon maƙwabta da ba wanda ya kira shi. Sau biyu ta aika wa gidauniyar wasiƙa. Amsa ɗaya ta zo, cewa ba sa karɓar bayanan da aka rubuta da ka. Ta ci gaba. Ta kai littafi na bakwai, mutum dubu ɗaya da ɗari da arba'in, daga cikin fiye da dubu goma sha tara.

Rasuwa

Allah Ya yi mata rasuwa ranar Asabar, 9 ga Fabrairu, 2019, a asibitin da ta yi wa aiki shekara talatin da huɗu. Aka yi mata sallah, aka binne ta a maƙabartar da ke bayan tashar jirgin. Mata da yawa sun zo gaisuwa. Asibiti ya aiko masinja.

Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: babbar 'yarta, malamar firamare, mai bi mata, direban motar haya, na uku, tela, da auta, wadda nas ce. Ta bar jikoki goma sha ɗaya.

Littattafan suna hannun babbar 'yar. Na bakwai ya tsaya a rabin shafi, a kan sunan wata mata da cututtuka biyu da filin da aka bar wa ta uku. Har ranar da aka rubuta wannan tarihi ba wanda ya zo nemansu.