Kaka Mai Juya Shafi

Mu a gidanmu ba mu taɓa ganin finafinan ba, faifansu kawai muka sani. Babanmu tela ne a unguwar Gangare, kuma mutum ne da ba ya iya wuce gwanjo bai tsaya ba. Wata Asabar ya tafi Bukuru kai wa wani ɗinki, sai ga shi da la'asar riƙe da garmaho mai aiki da lantarki, ga kwali a hammata. Wani Baturen ma'aikatar haƙar kuza ne zai koma ƙasarsu aka baje kayansa. A cikin kwalin akwai ƙananan faya-fayai uku, kowanne da ɗan littafinsa mai hotuna, labaran da aka ɗebo daga finafinan katun. Mamarmu ta dubi kayan ta ce to madalla, gobe sai a dafa garmaho a ci da rana.

Abin ba shi da wuya. Ka ɗora faifai, ka sauke allura, sai wani Bature ya fara ba da labari ta hanci, ga kiɗa, ga dabbobi suna magana. Idan shafi ya ƙare sai a ji wata 'yar siririyar ƙararrawa, alamar a juya. Mu huɗu ne yara, kuma kowa so yake shi ya juya. Ba a yi mako ba muka yaga shafi ɗaya wajen kokawa. Ranar ce Kaka, mahaifiyar babanmu, ta ƙwace littattafan ta ce daga yau ita ce mai juyawa, wanda bai yarda ba ya je ya sayi nasa.

Kaka ba ta taɓa shiga aji ba, Turanci kuwa ko na gaisuwa ba ta ji. Amma aikin ya karɓe ta. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai mu taru a ɗakinta, mu miƙe ƙafafu a tabarma, a lulluɓa mana bargo ɗaya saboda sanyin garin nan da ba ya jin roƙo. Takan lashi yatsa, ta kama kusurwar shafi, ta kasa kunne. Bature na nasa labarin, ita ma tana nata. Akwai wani ɓera mai ƙaton tumbi da ta rantse kamarsa ɗaya da mahaucin layinmu, duk sanda ya bayyana sai ta ce, "Ga ja'irin nan ya fito."

Juma'a ce kaɗai ranar hutunta. Sauran kwanaki tun da sassafe take ɗaukar tirenta ta taka da ƙafa zuwa kasuwar Terminus, inda take sayar da dankalin Turawa da kabeji. Sai ta tsallaka babban titi, ta ratsa tsakanin motocin haya, kafin ta kai wurin zamanta. A can ƙawayenta suke, a can take jin labarin gari, a can take faɗa ta huce. Takan ce ranar da ta daina zuwa kasuwa a fara nemo mata likkafani.

Ina ɗan shekara tara na lura ƙararrawa takan yi ƙara Kaka ba ta juya ba, sai ƙannena sun ce, "Kaka, juya mana." Da farko na ɗauka hoton take kallo. Wata rana na zuba mata ido, na ga ta sunkuya sosai wajen garmahon, goshinta ya tattare. Ni ne kusa da ita. Da ƙararrawar ta sake bugawa, sai na taɓa ƙafarta da babban yatsana a ƙarƙashin bargo. Ta juya shafin daidai lokaci. Ba ta kalle ni ba, ni ma ban kalle ta ba.

Washegari ta dawo daga kasuwa ta kira ni ɗaki ta damƙa mini ƙullin gyaɗa. Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, kunnen nan ya fara yi mini rowa," ta ce. "Kada ubanka ya ji. In ya ji, ya raba ni da kasuwa, ka san shi da tsoron mota."

Na yi mata alkawari. Muka shafe watanni a haka. A tsakar gida takan bi bakin mutane da ido, in ta rasa abin da aka ce sai ta yi tsaki ta ce yaran zamani ba sa buɗe baki. Babanmu kuwa in ya fara zargi, da ya ga yadda take cafke ƙararrawa ranar Juma'a sai hankalinsa ya kwanta. Ni kuma ina jin kaina wani babba, mai riƙon sirri.

Ranar da abin ya lalace, da damina ne. Hadari ya haɗu, babanmu ya fasa komawa shago, ya zauna a bakin ƙofar Kaka yana sa wa wata riga maɓalli. Muna tsakiyar labarin ɓeran nan wuta ta ɗauke. Muryar Baturen ta yi nauyi, ta ja, ta mutu. Da rana ne, babu fitilar da za ta nuna an ɗauke wuta. Kaka na nan sunkuye, yatsa a kusurwar shafi, tana murmushi.

Na haddace faifan nan kamar karatun allo. Na san saura numfashi ɗaya ƙararrawa ta buga. Ban yi shawara da ƙafata ba, ita ta tafi da kanta.

Kaka ta juya shafi, a cikin ɗakin da ya yi tsit, ta ce, "Ga ja'irin nan ya fito."

Ƙanwata ta ƙyalƙyale da dariya. Babanmu ya ajiye allura. Daga bayanta ya ce a hankali, "Inna." Ba ta waiwaya ba. Ya ɗan ɗaga murya, "Inna." Idonta na kan littafin. Sai da ta ga duk mun zuba wa ƙofa ido sannan ta juya, ta dubi ɗanta, ta dubi faifan da ya tsaya cak.

An kai ta asibiti, aka ce tsufa ne. An sha rigima a gidan. Ta ce da ido ake tsallaka titi ba da kunne ba. Babanmu kuma ya ce, "Inna, direbobin nan hon suka sani, ba su san birki ba. In wani abu ya same ki, me zan ce wa Allah?" Gaskiyarsa ce, kuma har yau ina jin haushin gaskiyar nan. Tire ya koma ƙarƙashin gado.

Juma'a biyu ba a sa faifai ba. Ni kuwa ko ƙofarta ba na bi, kunya da baƙin ciki sun hana ni. Littafin ɓeran nan yana wurina har yanzu, kusurwoyinsa sun yi baƙi da yatsanta. Kwanaki ɗiyata ta nemo mini fim ɗin a waya, na kalli kaɗan na miƙa mata abinta. Hotunan gudu kawai suke yi, ba sa jiran kowa ya juya su.

A Juma'a ta uku bayan rigimar nan Kaka ta aiko a kira ni. Na tarar ta jawo tiren kasuwarta ta kife a cinya, ta ɗora littafin a kai. Ƙannena sun zauna, babanmu ma yana bakin ƙofa.

"Maigida," ta ce, "ka kashe mini kasuwa da yatsa ɗaya."

Na fara kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta yaye bargon ta ajiye gefe, ta kama hannuna ta ɗora a gwiwarta, a gaban kowa.

"Ɓoye-ɓoye ya ƙare, in ƙararrawa ta buga ka taɓa ni a fili. Sa mana faifan, wannan aikin kaɗai ya rage mini."