Ba Doguwa Ba Ce

Ƙanena ɗan kabu-kabu ne a Dogon Dutsi, amma da damina ta kama sai ya jingine babur ya dawo ƙauye noma. A gayya babu mai kamo shi. Makaɗin noma, dattijon da ya yi wa marigayi babanmu kiɗa, yana biye da shi yana zuba kirari, shi kuwa yana ja da hauya kamar ana tura shi. Ni yayarsa har guɗa nake yi, wa zai ƙi nasa?

Wata gayya, rana tsaka, sai ya yanke jiki ya faɗi cikin hatsi yana shure-shure, kumfa a baki. Inna ta ɗora hannu a ka ta ce doguwa ce, dama gonar kusa da tsamiya take. Aka kwashe shi sai gidan gwaggo, yayar babanmu, wadda ta tsufa cikin bori. Ta buɗe idonsa ta duba, ta laluba aljihunsa, ta zaro katin ƙwayar tramol.

"Doguwa ba ta zuwa cikin leda," in ji ta. "Ku kai shi likita."

Majo, babban ma'aikacin likita, ya ce ƙanena ya auna arziki, in ya sake faɗuwa ba lalle ya tashi ba. Ranar na wanke shi tas, ban rage masa komai ba. Ya sunkuyar da kai ya ce shi ba don daɗi yake sha ba. In ganga ta tashi, ba ya iya jure a ce wani ya wuce ɗan babanmu. Kuma wai ba shi kaɗai ba ne.

Gwaggo ce ta ɗauki sandarta ta bi gida gida: liman, malamin majami'a, makaɗi, har da ustazun nan mai kanti da ke zaginta cikin wa'azi. Aka haɗu a filin lakwal, makarantar bokon garin. Ustaz ya ce shi ba zai zauna tabarma ɗaya da 'yar bori ba. Ta ce ya juya mata baya mana, kunne ai ta ko'ina yana ji. Wallahi haka ya yi, ya zauna a karkace, amma bai tashi ba, don shi ma ɗan wansa yana cikin masu shan ƙwayar.

An sha gardama. Wani ya ce a kira jandarma su kama mai tallar magani a keke, aka ce in an kori wannan gobe wani zai ƙetaro iyaka. Ustaz ya ce a hana kiɗan baki ɗaya, makaɗi ya miƙe yana huci, da ƙyar aka zaunar da shi. Can sai inna, wadda ba ta magana cikin maza, ta ce ita dai abin da ta lura, yaran nan masu ƙwaya ba sa taɓa abinci, furarta dawowa take yadda ta tafi.

Nan aka tsaya. Babu mai kama hauya sai ya sha fura a gaban uwaye mata. In ganga ta yi shiru kowa ya zauna ya huta. Makaɗi kuma ya yarda ya daina wasa wanda ya ɓalle gaba shi kaɗai. Liman ya faɗa ran Juma'a, malamin majami'a ran Lahadi, ustaz ya riƙa bin fadar samari yana shan shayinsu mai ɗaci yana ba su baki.

Ba kowa ya ji ba, wasu sun koma gayyar wani gari. Ƙanena kuwa ya sha wuya: ciwon gaɓoɓi, zufa, faɗa da kowa. Ya daina gaishe ni, ni ma na share shi, amma kullum sai na leƙa in ga ko babur ɗin yana nan.

Da aka yi gayyar noma na biyu ya zo, ya kafa kai ya sha furar yana yatsina. Aka ja layi. Kafin a je ko'ina an bar shi baya, har wani tsoho mai sanƙo ya wuce shi, samari suna yi masa dariya. Idona yana kan hannunsa, na ce yanzu zai kai aljihu. Bai kai ba. Makaɗi ya rage kiɗa ya dawo kusa da shi, haka suka ja har bakin gona.

Da marece ya shigo gida yana jan ƙafa. Inna ta tare shi da gaisuwar da kowa ke amsawa da "ba gajiya".

"Sannu ɗan nan, ina gajiya?"

Ya zube bisa tabarma. "Akwai ta, inna. Wallahi akwai ta."

Ta ce alhamdu lillahi, ta tashi ɗora masa ruwan zafi. Ni kuwa na zagaya bayan rumbu na yi kukana.