Tafarnuwar Inna da Askar Baba

Innarmu Zuliha kayan yaji take saidawa a ƙofar gida, cikin Birni: kanumfari, citta, kimba, tafarnuwa. Ko alifi ba ta sani ba, amma hancinta, sai dai a yi shiru. Babanmu Suma'ila kuwa wanzami ne, gado tun kaka.

Shekara guda kafin mulkin kai, makero ya fito wa Baba a bayan hannu, ya yi zobe, ya haura wuya. To wa zai miƙa wa wanzami mai makero kansa? Mutane suka janye. Gidan Alhaji Bukar dillalin fata, da danginmu ke yi wa aski tun kafin zuwan Nasara, suka aiko cewa in matar ɗansu ta haihu, wani za su kira askin suna. Ranar Baba ko tuwo bai ci ba. Wallahi ya ba ni tausayi.

Inna ta ce, "Malam, kawo hannun nan."

Ta daka tafarnuwa ɗanya ta ɗaure masa. Kai! Kafin la'asar fata ta tashi kamar ƙunar wuta. Baba ya yi ta faɗa: "Magani na ce ko miya? Ni nama ne?"

Da wata ce, da ta haƙura. Inna kam taurin kai gare ta. Ta rage tafarnuwar, ta niƙa kanumfari, ta kwaɓa da man shanu, ta fara gwadawa a nata hannun kwana uku. Sannan safe da yamma ta shafa masa, yana tsaki tana shafawa. Ta kuma zazzage zabirarsa, ta dafa asake da tsumma a tukunya, Baba na salati wai za ta kashe masa kaifi.

Wata biyu ana haka, zoben na dusashewa. Sai matar ɗan Alhaji Bukar ta haihu.

Ba a kira shi ba. Inna ta wanke masa riga ta ce ya tafi barka kawai. Hajara, tsohuwar gidan, ta tare shi a zaure, ta kama hannun, ta juya ciki da bai, ta ɗaga masa haɓa ta duba wuya, ta shinshina.

"Warin tafarnuwa kake, Suma'ila."

"Aikin Zuliha ne, Iya."

Ta saki hannun. "To me ka zo yi ba zabira? Suna jibi ne, ka yi sammako."