Allon da Na Yi wa Sahabi

A Fagada na girma, gidan kakarmu Inna Kulu. Da an ci tuwo sai ta tura itace cikin murhu, mu kewaye ta muna ɓare gyaɗa tana mana tatsuniya. Lokacin ba a daɗe da yanke jihar Kebbi ba, ni kuma ina aji biyu na sakandare a Jega, boko ya kumbura mini kai.

Ƙanena Sahabi ya tsani makaranta, lissafi ya gagare shi. Na ce ni zan gyara shi. Na samo kwali da waya da ƙwan tocila, na zare batir daga rediyon Baba. Na ƙera allo, tambayoyi a hagu, amsoshi a dama, in ka haɗa su daidai da wayar ƙwan ya kawo wuta. Da ma a nan na tsaya! Sai na ƙara wata 'yar ƙararrawa da na ciro daga mataccen agogo, ta riƙa kuka in an kuskure.

Wurin tatsuniya na kai gwajin, gaban yaran gida da na maƙwabta. Sahabi ya kama wayar ya haɗa. Ƙirrr! Aka kwashe da dariya. Ya sake, ƙirrr! Na fi kowa ƙyaƙyatawa, abina yana aiki. A na uku ya ajiye wayar ya shige ɗaki.

Inna ba ta yi faɗa ba, tatsuniya ta fara. Wai kurege ya so 'ya'yansa su iya tsallake rafi, sai ya kira makaɗi ya ce duk wanda ya faɗa ruwa a buga ganga. Namun daji suka cika bakin rafi, kowa ganga yake jira. Ƙaramin ya faɗa sau ɗaya. Daga ranar ko ƙishirwa ba ta sake kai shi rafi ba.

"Inna, to mi ya hwaru da shi?" in ji wata ƙanwarmu.

"Ku tambayi mai ganga, ga shi nan zamne."

Na sunkuyar da kai, ɓawon gyaɗa kawai nake murzawa.

Kafin damina Sahabi ya daina zuwa aji, ya bi kawunmu noman albasa a Aliero. Yau ni malamin firamare ne, ina ƙera wa yara kayan koyo iri-iri, babu ko ɗaya mai tona asirin wanda ya kuskure. Amma duk ƙarshen zango Sahabi yakan kawo mini sakamakon jarrabawar 'yarsa.

"Yaya, duba min. Ni in na taɓa, ƙararrawar nan taka kuka za ta yi."

Yana faɗa yana dariya. Ni har yau kunya ta hana ni taya shi, ta kuma hana ni ce masa ya yafe mini.