Kulu Mai Guɗa da Ƙwayar Maganinta

A Rimawa, in ba Kulu ce ta rangaɗa guɗa ba, to suna bai yi suna ba. Shekara ashirin tana wannan aiki. In ta toshe hanci ta saki murya, har masu ban ruwan albasa a fadama sai sun ɗago kai.

Sai kawai abin ya ɗauke mata. Ba rasuwa aka yi mata ba, rumbunsu kuma cike yake da gero. Tuwo ya daina yi mata daɗi, gaisuwa ta zame mata aiki, ta shige ɗaki wata bakwai cur. Mutane da baki, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce rashin godiyar Allah. Wannan ta biyun ta fi ci mata rai, ita da ko sallah ɗaya ba ta taɓa wuce ta ba.

Ƙanenta Lauwali ya kai ta asibiti a Sakkwato. Likita ta ce ciwon damuwa ne. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, wai shi sirotonin, da ke da hannu a walwalar mutum da son shiga jama'a, maganin kuma ta kansa yake bi. Sai dai a yi haƙuri, yakan ɗauki makonni.

Ta samu sauƙi, amma labari ya riga ta zaga gari: Kulu na shan maganin mahaukata. Aka daina aiko mata goron gayyata. Ranar sunan jikar maƙwabciyarta Atika, har Goronyo aka je aka ɗauko wata mai guɗar.

Kulu ta ci ado ta tafi ba gayya. Ta zauna tsakiyar mata, ta kwance bakin zane, ta fito da ƙwayar.

"Atika, ba ni ruwa in sha maganina."

"Haba Kulu! Nan gaban mutane?"

"Mi nis sata da zan ɓoye? Ke da kullum kina haɗiyar na hawan jini, wa yac ce kin haukace?"

Kulu ta haɗiye ƙwayar, ta miƙe, ta toshe hanci. Muryar ta ɗan yi rawa da farko, sannan ta tafi har fadama.

Atika ta damƙa mata goro a hannu, idonta a ƙasa. Kulu ta juya shi, ta ɓare, ta ce, "Ya makara, amma ina ci."