Dariyar da Ba ta Kaka Ba

Jiya ƙanwata ta turo mini hoto a waya, ta ce, "Yaya, ga Kaka ta dawo!" Tsohon hoto ne daga gidan tarihi, na mata masu ɗaukar kuza, marigayiya kakarmu tana cikinsu tun tana budurwa. Wani ya sa masa motsi da na'ura, ya ɗora shi a shafinsa na intanet. Tana ƙifta ido, tana wangale baki da dariya ba ƙaƙƙautawa, mutane suna ta liƙa shi a ƙarƙashin barkwancinsu.

Kaka ba ta taɓa dariya haka ba. Bakin zane take ja ta rufe baki, kafaɗunta kawai ke rawa. Wata safiya mai sanyi a Nasarawa Gwom, tana dama gwate, ƙamshin yakuwa da hayaƙin itace sun cika gida, na tambaye ta dalili. Ta ce, "Dariya ba wanki ba ce, ba a shanya ta a waje."

Na roƙi mai shafin ya sauke, ya ce ai ya riga ya zaga duniya. Yanzu in na rufe ido, wancan buɗaɗɗen bakin nake gani.

Allah Ya suturta ki a can, Kaka. Mu a nan mun kasa.